Tsofaffin Motocin Hanyar Mafara

  To, makon nan mun ajiye tukunya da allura, za mu fita buɗe ido. Kowace ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, mu kama hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Sakkwato, mu yada zango a Talata Mafara, sa'an nan mu leƙa Bakura da Maradun. Abin da za mu kallo kuwa shi ne tsofaffin motocin haya na dā, waɗanda suka yi ta jigilar iyayenmu da kakanninmu a kan hanyar nan, da irin ƙirarsu, da labarin yadda suka zo, da yadda suka ja da baya.

Na san wata za ta ce, ina ruwan mace da zancen mota? Haba 'yar'uwa! Da me aka kai amare garin mazajensu, da gado da kwalla da tasoshi? Da me aka kai mai doguwar naƙuda asibitin Gusau? Da me 'yan matan farko na ƙasar nan suka tafi makarantar kwana da akwatunansu na ƙarfe? Ai mota ce. Saboda haka labarin nan namu ne kamar yadda yake na direbobi. Ni dai tun ina makarantar horon malamai nake sha'awarsa, in na sami tsohuwa ko tsohon direba ba na barinsu sai na ɗebi abin da na ɗiba.

Yadda Hanyar Take

Ga wadda ba ta taɓa biyowa ba, in kin bar Gusau za ki wuce Bunguɗu, ki wuce Maru, ki wuce Mayanci, kana ki iso Talata Mafara, wajen tsakiyar tafiya ke nan. In kin zarce sai Lambar Bakura, inda hanyar garin Bakura ta ratse, sa'an nan Tureta da Dange da Shuni, sai birnin Shehu. Maradun kuwa tana gabas da Mafara, can wajen Gulbin Sakkwato. Garuruwan nan uku kowane da sarautarsa ta gargajiya: Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura, da Sarkin Ƙayan Maradun. Dā duk suna cikin lardin Sakkwato ne, sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka yanke Jihar Zamfara, suka faɗo cikinta.

Me ya sa mota ta yi ƙarfi ƙwarai a hanyar nan? Dalilin shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun ja reshen dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda cikin 1929. Daga nan bai ƙara gaba ba, bai taɓa isa Sakkwato ba har yau. Watau duk gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga na yammacin lardin, lalle ne sai an kawo su bakin dogo a Gusau. Haka kuma gishiri da kananzir da yadi da sabulu, in jirgi ya sauke su, sai an sami abin da zai ƙarasa da su. Da fari jakuna da raƙuma da takarkarai ke yin aikin, tafiyar kwanaki. Daga baya Hukumar Jirgin Ƙasa da kanta ta sa motocinta suna zirga-zirga a hanyar Sakkwato, attajirai kuma suka bi sawu. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945, sojojinmu da yawa suka komo daga Bama da sanin tuƙi da gyaran inji, ga kuɗin gyaɗa ya fara shigowa hannun mutane. Nan fa motoci suka yawaita.

Talata Mafara kuwa ta ci ribar zamanta a tsakiya. Mota ta taso daga Gusau, kafin ta iso nan inji ya yi zafi, lagireto na neman ruwa, fasinja na neman abinci da wurin salla. Ga kuma babbar kasuwa ta ran Talata, wadda garin ya ci sunanta. Mutanen Bakura da na Maradun da ƙauyukansu duk nan suke haɗuwa. Mai shinkafa ya kawo, mai dankali ya kawo, Fulani su kawo dabbobi da nono. Inda kasuwa take kuwa, nan mota take.

Ƙirar Motar Katako

To, bari mu tsaya mu dubi motar kanta, don nan ne daɗin labarin yake. Abin da iyayenmu suka fara shiga ba bas ba ce irin wadda muka sani yanzu. Lori ce, aka yi mata ɗaki na katako. Yarabawa suna kiranta bolekaja, ma'anarsa wai sauko mu yi faɗa, don matsin da ke ciki ya kai in rigima ta tashi babu wurin ɗaga hannu, sai an sauka ƙasa. Kun ji fa suna!

Daga Turai ba a kawo ta cikakkiya. Abin da ke zuwa shi ne inji, da hancin mota, da sitiyari, da tayoyi, da dogayen ƙarafan nan biyu da kome ke zaune a kansu. Sauran aiki na kafintocin ƙasarmu ne. Su za su samo katako mai ƙarfi, yawanci daga Kudu, su gina bodi, su ɗaure kusurwoyi da ƙarfe, su yi rufi, su bar tsakanin allunan gefe a buɗe don iska. Ciki sai a gitta dogayen alluna daga wannan gefe zuwa wancan, su ne kujeru. In ruwa ya sauko ko ƙura ta yi yawa, sai a saki tamfol.

Kada ku ɗauka rashin wayo ne ya sa aka yi ta da katako. Akwai hikima uku a ciki. Ta fari, ya fi araha a sayo inji da ƙarafa kaɗai, a bar kuɗin bodi a hannun masu sana'a na gida. Ta biyu, in allo ya karye a Tureta ko a Maru, kowane kafinta mai zarto da guduma yana iya gyara shi a yini ɗaya, ba sai an jira wani abu daga Ingila ba. Ta uku, wadda ta fi duka, allunan zaman nan ana zare su. Yau mota ta tafi Gusau da buhunan gyaɗa, gobe a mayar da alluna ta komo da mutane. Sau da yawa ma akan haɗa biyun, buhuna a ƙasa, mutane a bisa. Mai mota ba ya komowa wayam, shi ya sa kuɗin mota ya zo daidai aljihun talaka.

Zaman ciki kuma hawa-hawa ne, kamar na jirgin ƙasa. Akwai gidan gaba kusa da direba, shi ne faskila, na alhazai da ma'aikatan En'e da malamai. A waɗansu motocin akwai wani ɗan ɗaki bayan direba mai benci ɗaya, shi ne sikinkila. Sauran jama'a kuwa sai baya, tare da kaji da awaki da tulunan man gyaɗa. Wata tsohuwa ta gaya mini abin da ya fi ba mata wuya shi ne hawa. Ƙofar a baya take, ga tsawo, ga zane, ga goyo. Sai ki miƙa jinjiri ga wadda ta riga ki shiga, ko ba ki san ta ba, ki taka ƙarfe, wata ta kama hannunki ta ja. Ta ce kafin a kai Mayanci kun zama 'yan'uwa, kun buɗe ƙullin guzuri, wannan ta fito da hoce, waccan da ƙuli-ƙuli da dakuwa, ana ci ana taɗi. Da yawa ƙawancen da aka ƙulla bisa allon mota ya kai har ga auren 'ya'ya.

Sai kuma ado. Bayan kafinta ya gama, mai fenti ya karɓa. Za ki ga zaki, ko gaggafa, ko dawisu, ko mahayi bisa ingarma, ko furanni ja da kore da rawaya. A goshin motar kuma a rubuta magana, wani da boko wani da ajami. Wannan ya sa Haƙuri Maganin Duniya, wancan ya sa Hassada Ga Mai Rabo Taki, wani kuwa Allah Ya Kiyaye kawai. Mutanen ƙauye ba su damu da lambar mota ba, da rubutun nan suke saninta. Sai ki ji an ce yau Haƙuri ba ta wuce ba tukuna. Ina jin 'yan mata da yawa a goshin mota suka fara gwada karatunsu a waje da aji.

Bedford Da Marsandi

Cikin motocin da suka yi suna, biyu sun fi shahara, ya kamata kowace 'yar makaranta ta iya rarrabe su. Ta fari ita ce Bedford, ƙirar Ingila, wadda aka fara yi cikin 1931 a wani gari da ake kira Luton. Irin da ta fi yawa a ƙasar nan ita ce wadda aka fito da ita cikin 1958, mai faɗin goshi da kumatu masu lanƙwasa bisa tayoyin gaba. Daga 1959 har a Apapa ta Ikko ake haɗa ta. Ta biyu ita ce Marsandi ta Jamus, mai tauraro mai tsini uku, wadda ake kira 911, waɗansu kuma su ce roka. Ita cikin 1959 aka fara irinta, aka yi ta ƙera ta don ƙasashe irin namu har wajen 1995. Da man gas take aiki, ga ƙarfi, ga jimiri.

In kin lura, hancin Marsandin nan gajere ne, a dunƙule kamar goran duma. Akwai dalili. A shekarun nan gwamnatin Jamus ta yi doka ta ƙayyade tsawon manyan motoci. Maƙeran suka ga in hanci ya yi tsawo, wurin kaya ya ragu. Sai suka tura rabin injin cikin ɗakin direba, suka gajarta hancin. Dokar wata ƙasa ce can nesa, amma ga ta ta zo ta zauna a fuskar motar da ke ɗaukar albasa a Bakura. Duniya ke nan.

Me ya sa kuma direbobinmu suka fi son mota mai hanci bisa mai shafaffiyar fuska? Na tambayi wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙi, ya ba ni amsa biyu. Ya ce a mai hanci direba yana zaune bayan tayoyin gaba ne, ba bisa kansu ba, saboda haka gargada ba ta dukan ƙugunsa sosai. Sa'an nan in ta lalace a daji, buɗe hanci kawai za ka yi, ga kome a fili gabanka. Ku tuna hanyar dā ta burji ce, ja wur, da rani ƙura da gargada, da damina taɓo. In an yi ruwa mai yawa akan sa shinge a tsare manyan motoci sai hanya ta sha iska, don kada su farfasa ta. Fasinja su sauka su shimfiɗa tabarmi, wani lokaci har a kwana. Matan garuruwan bakin hanya kuwa kasuwa ta buɗe musu, fura da tuwo da ƙosai duk su ƙare.

Ba a zancen motar dā a manta da yaron mota, wanda ake yi wa laƙabi da karen mota. Shi ne mai lodi, shi ne mai ɗebo ruwan lagireto, shi ne mai juya ƙarfen tayar da inji a gaba in batir ya ƙi. Babban aikinsa kuwa waigi, wani guntun icce mai kusurwa uku. In mota ta tsaya a hawa, kafin ta fara ja da baya ya diro ya cusa shi ƙarƙashin taya. Rayukan mutum arba'in suna rataye ga saurin yaron nan da guntun iccensa, amma shi ne mai kwana bisa buhu, shi ne mai shan zagi. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya yi masa waƙa sananniya. Yawancin manyan direbobi kuwa daga nan suka faro, shekara da shekaru suna kallon hannun maigidansu kafin a ba su sitiyari.

Ga wata dabara ta gane shekarun tsohuwar mota. Dā a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya, kamar Ingila, sitiyari kuwa yana dama. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka juya aka koma hannun dama, don mu daidaita da maƙwabtanmu irin su Nijar. Saboda haka in kin ga gawar mota a bayan gareji, sitiyarinta na dama, to, galibi ta girmi wannan rana. Kuɗin da aka fara biya a cikinta ma sule da sisi ne, don naira ba ta zo ba sai 1 ga Janairu 1973.

Daga Ina Bas Ta Fito?

Kalmar bas guntuwar wata kalma ce ta Latin, omnibus, ma'anarta na kowa da kowa. Kun ga suna ya dace. Tun cikin 1662 aka gwada keken doki na haya a birnin Faris ta Faransa, mai bin hanya ɗaya a kan lokaci, ana biya a shiga. A Landan an fara cikin 1829. Bas mai inji ta fari kuwa a Jamus ta yi tafiya cikin 1895, ƙirar Benz, mutum 8 kacal take ɗauka. A Amurka wani mutum mai suna Carl Wickman ya fara ɗaukar masu haƙar ƙarfe da mota ɗaya cikin 1914, abin ya bunƙasa ya zama kamfanin Greyhound, wanda ke zana karen farauta a jikin motocinsa. Ashe su ma suna da nasu karen motar, sai dai nasu na fenti ne, ba ya sa waigi!

Bas ɗin farko galibi lori ce da aka ɗora wa ɗaki, kamar tamu. Babban canji ya zo ne da maƙera suka ce a daina ɗora ɗaki bisa ƙarafa, a ƙera jikin duka ya zama abu ɗaya mai ɗaukar nauyin kansa, kamar yadda kwando ke riƙe kansa ba tare da ginshiƙi ba. Wani kamfani na Jamus ya fito da irin wannan cikin 1951, ya sa mata suna Setra. Aka kuma mai da inji baya. Da haka hanci ya ɓace, ƙara da zafi suka koma bayan fasinja, aka sami wurin kaya a ƙarƙashin kujeru, aka sa manyan tagogi na gilashi. Irin wannan ce muke kira safa.

Safa ba ta son burji, sai kwalta. Shi ya sa ba ta yawaita a ƙasar nan ba sai shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo aka shimfiɗa hanyoyi. A wannan zamani ne aka kafa wuraren haɗa motoci, na Fijo a Kaduna cikin 1975, na manyan motoci kuma a Kano da Bauci da Ibadan da Inugu. Mace ta samu sauƙi ƙwarai, ta shiga ta ƙofar gefe da mutuncinta, ta zauna kujera mai taushi, ta sauka zanenta fes babu jar ƙura.

Amma a tsakanin garuruwanmu ba safa ce ta kori motar katako ba, ƙananan motoci ne: kiya-kiya, da Fijo 504, da Hayis ta Japan wadda aka fara ƙerawa cikin 1967, da J5. Dalili kuwa lissafi ne mai sauƙi, ko 'yar aji uku ta iya shi. Motar da ke jiran mutum arba'in ko hamsin ba ta tashi sai rana ta yi tsaka. Mai jiran mutum goma sha takwas kuwa kafin hantsi ta cika, ta je ta komo. Fasinja ya ga zai je Gusau ya gama sha'aninsa ya kwana gida, sai ya bar babbar. Ita kuma ta koma ɗaukar kaya kaɗai.

Bakura Da Maradun

Yanzu mu ratse daga babbar hanya. In kin sauka Lambar Bakura kika shiga, ƙasar fadama ce, shinkafa da dankali da kayan lambu. Nan ne ƙasar haihuwar Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin nan da ya rasu cikin 1991, ko da yake da sunan Maradun aka fi saninsa. Akwai kuma kwalejin aikin gona da kiwo a garin. Hanyoyin da ke shiga ƙauyukan fadama su ne suka riƙe tsofaffin motoci bayan babbar hanya ta sallame su, gama inda ƙaramar mota za ta kafe, roka sai ta ratsa tana nishi.

Wajen Maradun kuma akwai madatsar ruwan Bakolori, wadda wani kamfanin Italiya ya gina bisa Gulbin Sakkwato, aka gama cikin 1978. Tafkinta ya ci fili wajen hekta 8,000, an kuwa shirya ta don ban ruwan gonaki wajen hekta 23,000. Aikin ya kawo manyan motoci da ba a taɓa gani ba a ƙasar, ya kawo baƙi, Mafara ta cika ta batse. Ya kuma zo da baƙin ciki, gama an ta da garuruwa, ruwa ya ci gonaki, cikin Afrilu 1980 kuwa 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyarsu, rayuka da yawa suka salwanta. Allah ya jiƙansu. A motocin katakon nan ne iyalai da dama suka kwashe 'yan komatsansu suka bar gidajen kakanninsu. Daga baya kuma su ne suka riƙa fitar da shinkafa da tumatir da albasar da ruwan ya haifar. Mota ba ta zaɓen kaya, na murna da na kuka duk ɗauka take yi.

Abin Da Ke Damuna

'Yan'uwa, ba zan ɓoye muku ba, hanyar nan da nake ba ku labari ta ga wahala a 'yan shekarun nan. Kakanninmu abin tsoronsu taɓo ne da faci da karyewar sifirin. Mota ta lalace a daji su kwana bakin hanya, babu abin da ke taɓa su sai sauro. Mu kuwa mun ga zamanin 'yan bindiga. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana ta Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. Cikin shekarar nan dai aka shiga kwalejin Bakura, aka kuma ɗebi 'yan makaranta a Ƙaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. Ku duba fa, garin da ya ci sunan kasuwa a ce ranar Talata ta zo babu kasuwa.

Abin da ya sa na kawo wannan, tun 1939 aka buɗe makarantar horon mata a Sakkwato. 'Yan matan da suka je can daga ƙasar Zamfara a shekarun da suka biyo baya, bisa allon motar katako suka tafi, ƙura ta rufe su har gira, iyayensu na kuka, mutanen gari na surutu. Su ne suka komo suka zama malamai da ungozomomi, suka koyar da waɗanda suka koyar da mu. Wahalar hanya ba ta mai da su gida ba. Ba na cewa kowa ta jefa kanta ko 'yarta cikin hatsari. A bi shawarar hukuma da ta manya, a yi tafiya da rana, a tambayi labarin hanya kafin a tashi, a shiga mota a tasha, kada a tare ta a bakin daji. Amma ina roƙon iyaye mata, in tsoro ya hana yarinya makarantar nesa, a nema mata ta kusa, kada a ce shi ke nan ta zauna. In muka bari aka rufe hanyar da motar katako ta buɗe mana, mun yi hasarar abin da ya fi mota tsada.

Su kansu motocin kuma suna ƙarewa. Har yanzu akan ga ɗaiɗaikun roka ran kasuwa, ta sha lodin itace ko buhuna, tana tafe tana hayaƙi. Bedford kuwa sai an dace. Wadda ta kwanta, 'yan gwangwan su zo su yanka ta su auna a sikeli, katakonta ya shiga murhu, zanen dawisu da rubutun goshi duk su tafi. A Landan akwai gidan tarihi musamman na motocin haya, ana biyan kuɗi a shiga kallo. A gidan tarihi na Jos ma an ajiye tsohon jirgin ƙasa. Me zai hana a sami roka ɗaya mai kyan bodi, a wanke ta, a yi mata rumfa a Mafara, 'yan makaranta su riƙa zuwa suna gani? Ina miƙa wannan ga sarakunanmu da shugabannin ƙungiyar direbobi, ta bakin matansu masu karanta filin nan. Na san in magana ta shiga ta cikin gida, takan isa zaure.

Kafin a yi wannan, ga aikin da za mu iya da kanmu, ba ya cin ko kwabo. Ke 'yar makaranta, ɗauki littafin rubutu ki zauna gaban kakarki bayan sallar isha'i. Tambaye ta ranar da ta fara shiga mota, ina ta nufa, nawa ta biya, me aka rubuta a goshin motar, wa ya kama hannunta ta hau. Rubuta yadda ta faɗa, da Zamfarcinta, kada ki gyara mata baki. In akwai tsohon direba a unguwarku, ki sa wanki ko babanki ya raka ki ku gaishe shi, za ki sha mamakin abin da ke cikin kansa. In kuma kin ga tsohuwar mota, ki zana ta ko ki ɗauki hotonta, ki dubi hancinta da gefen da sitiyarinta yake. Ke kuma uwargida, in kina da naki labarin, ki aiko mana da shi, za mu buga a filin nan in Allah ya so, don na Bakura su ji na Maradun, na Maradun su ji na Mafara.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, ya kiyaye matafiya, ya sauki kowa gidansa lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.

Haza wassalam.